Gadi, otal, POS ko babur: wanne ya dace da baƙon da ya sauka Abuja ba shi da kowa?

Wani ƙanina ɗan ƙanwar babanmu ya gama sakandare shekara biyu kenan yana zaune a gida, jiya da daddare ya turo min saƙo wai Yaya na yanke shawara zan shigo Abuja neman aiki, ance min akwai gadi akwai otal akwai POS, wanne kake ganin zan kama. Na fara bashi amsa a WhatsApp naga maganar taƙi ƙarewa, sai nace bari in zauna in rubuta ta gaba ɗaya tunda nasan ba shi kaɗai bane, duk motar da ta taso daga Kano ko Katsina ko Gusau ta sauke mutane a Zuba ko Jabi zakaga samari da ƴar jakar goyo suna ta waige waige, kuma wallahi tambayar nan ce a ran kowa. Ni na ɗan jima a garin, nayi gadi, na wanke kwanuka har hannuna ya yi fari, na zauna ƙarƙashin lema da na'urar POS, babur ne kawai ban hau ba amma na kwana ɗaki ɗaya da masu yinsa.

Toh ƙanina, kafin ka tambayi nawa ake biya, ka tambayi ina zaka kwana. Abuja gari ne da aka tsara shi yadda mai aikin ƙarfi baya kwana inda yake aiki. Aikin yana Wuse 2 da Maitama da Asokoro da Jabi da Gwarinpa, kai kuma ɗakin da aljihunka zai iya yana Mararaba ko Masaka a jihar Nasarawa, ko Madalla da Suleja a jihar Neja, ko Kubwa da Dutse Alhaji da Lugbe da Karmo in ka yi sa'a. Kuma haya ba ta wata wata bace irin yadda aka saba a wasu garuruwa, ta shekara ake nema a dunƙule, a ɗora maka kuɗin ejan da kuɗin yarjejeniya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zama shi ne babban mai gidan kowa. Bari in maka lissafi na misali kawai, ace an baka aiki a Wuse albashi 70,000, kana kwana Mararaba, ace zuwa da dawowa yana cin 2,000 a rana, kayi kwana 26 a wata, 52,000 kenan ta tafi a titi, saura 18,000, baka ci ba baka sha ba baka sa data ba balle ka tura wa Inna ko sisi. Wani kuma an bashi 45,000 amma da ɗakin kwana a bakin get da abincin dare, shi ƙarshen wata kuɗinsa na nan kusan cif. Wa ya fi wani? Ga kuma gosulon Nyanya da Kugbo zuwa mahaɗar AYA ta Asokoro wanda in baka fito tun bayan asuba ba sai rana ta buɗe kana cikin mota kana zufa, oga yana kiran waya.

Ita 70,000 ɗin nan da kake ji a rediyo ita ce mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024, amma kar ka ɗauka duk inda ka shiga ita za a baka, dokar ma kanta bata hau kan wanda ma'aikatansa basu kai 25 ba, haka bata hau kan wanda ake biya da kamasho. Mafi yawan inda baƙo ke fara samun aiki kuwa irin waɗannan ƙananan wuraren ne, shi yasa zaka ji ana maka tayin abin da bai kai haka ba kuma ba inda zaka kai ƙara.

Mu fara da gadi tunda shi namu suka fi faɗawa. Gadi iri biyu ne kuma sun sha bamban sosai. Akwai na gida, mai gida ne da kansa ya ɗauke ka, yawanci ta hanyar wani mai gadin maƙota ko direba ko limamin masallacin unguwa, a baka ɗan ɗakin nan na jikin get, akwai wuta akwai ruwa, in ka dace da mutanen kirki har abinci ana miƙo maka daga ciki, da sallah a maka ɗinki, baƙin Alhaji in zasu fita su ɗan miƙo maka na goro. Babu haya babu kuɗin mota, wannan shi ne ƙarfinsa kuma ba ƙaramin ƙarfi bane. Wasu ma in mai gida ya yarda sukan kafa ɗan tebur a ƙofar gida, alawa, biskit, ashana, omo, ruwan leda, a hankali teburin ya zo yana ba da abin da ya kusa kamo albashin. Amma fa ka sani sunan aikin ne gadi, a zahiri kai ne mai wankin mota, kai ne mai ba fulawa ruwa, kai zaka tada janareta ƙarfe biyun dare, kai za a aika siyo gas, in akwai kare ma kai ne mai bashi abinci ko kana so ko baka so. Hutu babu sai ka roƙa. Sannan ranar da wani abu ya ɓata a gidan, ko da kan famfo ne, kai za a fara kallo, ni kaina an taɓa zaunar dani ana min tambayoyi kan wata waya da daga baya aka tsince ta ƙarƙashin kujerar mota, ba wanda ya ce min yi haƙuri.

Na biyu gadin kamfani, masu yunifom ɗin nan da kake gani a bankuna da filaza da rukunin gidaje. Kamfanonin na gaskiya suna da lasisi daga hukumar Sibil Difens, ka tambaya in ka je. Nan akwai tsari, awa 12 ne ka miƙa wa wani, akwai ranar hutu, ana biya ta banki, wasu manya har fansho suna cirewa. Matsalar ita ce kamfanin ne ke karɓar kuɗin daga hannun mai wurin ya yanki nasa ya baka saura, galibi babu wurin kwana, kuma yau kana Garki gobe a ce an maida kai Gwarinpa ba ruwansu da inda kake kwana, lissafin motar nan da nayi maka sai ya dawo ya shaƙe ka. In aka bani zaɓi ranar da na sauka bani da kowa, na gida zan ɗauka ba ko tantama. Na kamfani sai ga wanda yake da yayansa ko kawunsa kusa da inda za a ajiye shi.

Abin da ba a faɗa wa mutum game da gadi shi ne yana cinye shekaru shiru shiru. Kana zaune kan benci kana danna waya, ka buɗe get ka rufe get, kafin ka ankara shekara huɗu ta wuce baka koyi komai ba sai sunayen motoci. Lokaci kam akwai shi har ya yi yawa, wanda yake da kai sai ya yi amfani dashi, na san wanda ya yi karatun JAMB a ɗakin gadi, ga jami'ar karatu daga gida wato NOUN hedikwatarta ma a Jabi take. Amma gaskiya irinsu basu da yawa, mafi yawa TikTok ne ke cinye daren.

Yanzu otal da gidajen abinci. Nan ne ni nafi so, kuma nan ne nafi shan wuya. Baƙo ba ya fara da kai wa mutane abinci kan tebur, daga baya ake farawa, wanke wanke, goge ƙasa, fere dankali, kwashe shara, ɗauko kaya daga sito. Tsayuwa ce daga safe har dare, ƙafarka zata kumbura satin farko, in ka fasa faranti a cire a albashinka. Amma akwai abinci, sau ɗaya ko sau biyu a rana, kuma a Abuja wanda ya ɗauke maka cin rana ya ɗauke maka kaya babba. In ka fito gaba ka zama weta akwai ihsanin da kwastoma ke bari, a wuraren Aminu Kano Crescent da Adetokunbo Ademola inda masu kuɗi ke zuwa wani daren abin da zaka samu a hannu ya fi na kwana uku a albashi, wani daren kuma ko kobo, abin sa'a ne. Kuma a nan ne kawai cikin duka ayyukan nan zaka fita da sana'a a hannunka, in ka kwantar da kai ka liƙe wa mai shawarma ko mai gashin kaza ko mai kayan fulawa, cikin shekara ɗaya zaka iya abin da ko Funtuwa ka koma zaka kafa teburinka dashi. Ni a kicin na koyi naɗe shawarma, kuma har yau ita nake ci.

Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin tashi. Gidan abinci a cikin gari baya rufewa da wuri, sha ɗaya ko sha biyun dare kana goge tebur, ka fito titi ba motar kirki, kuɗin mota ya ƙaru, ga ƴan wan cans masu ɗaukar mutum kamar taksi su ƙwace waya su kwashe kuɗin asusunsa su jefar dashi a hanya, wannan ba labarin tsoratarwa bane kowa a Abuja ya san dasu. Dan haka tambayar farko da zaka yi wa manaja ba ta albashi bace, ka ce oga akwai inda ma'aikata ke kwana? Wasu otal suna da ɗakin ma'aikata ko da katifu ne a jere a ƙasa, wasu suna da motar da ke sauke mutane, wanda bashi da ko ɗaya kuma kana Masaka, ka haƙura dashi komai kyan yunifom ɗin. Sai dai in zaka samu ku haɗu ku huɗu ku biyar ku kama ɗaki a ƙauyukan da ke cikin gari irin Mpape da ke bayan Maitama, ko Gishiri, Mabushi, Durumi, ƙauyen Garki, nan kam ka kusa da aiki, amma ka sa a ranka wurare ne da rusau ke iya zuwa musu.

Abu biyu kuma da ya kamata ka tambaya tun ranar farko ba sai ka fara ba. Na ɗaya giya, yawancin lambunan shaƙatawa da otal na Abuja suna saida ita, in kasan zuciyarka bata yarda ka ɗauka ka kai tebur ba ka faɗa tun farko a barka a kicin ko ka nemi gidan abincin da basa yi, suna nan da yawa musamman masu tuwo da masa da na Larabawa. Na biyu sallah, musamman Juma'a, dan daidai lokacin ne wuri ke cika. Sannan Turanci, ba sai na littafi ba, amma dole ka iya buroka kuma ka daina jin kunyar yinsa, wanda ya tsaya yana noƙe noƙe a wanke wanke zai dawwama. Wuraren da suka san abin da suke zasu tura ka gwajin lafiya na masu taɓa abinci, kar ka ji tsoro ba wani abu bane.

Aikin babban kanti irin na jera kaya ko kashiya ɗan uwan wannan ne, sai dai babu abinci babu ihsani, akwai sanyin esi dai, kuma in aka yi ƙidaya kaya suka yi shoti a raba asarar kan ma'aikata har da kai da baka san hawa ba baka san sauka ba. Ni ban cika son shi ga baƙo ba. Gara yaron shago a kasuwar Wuse ko Dei-Dei ko wajen masu waya a Banex in kana da wanda zai kai ka, ba albashin kirki sai kuɗin abinci kullum, amma kana koyon kasuwa, kuma wannan hanyar mu Hausawa mun fi saninta.

POS kuwa, hmm. Tun lokacin canjin kuɗi a farkon 2023 da masu POS suka zama sarakuna mutane suka ɗauka rijiyar kuɗi ce, kowa ya siyo lema. Yanzu taku goma zaka yi ka ga wani da na'urar Moniepoint ko OPay ko PalmPay. In naka ne na kanka kana buƙatar jarin da zaka riƙa juyawa, kuma tun 2024 aka ce masu yi su yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni wato CAC, wanda ya zo da kuɗin mota kawai a aljihu wannan ba layinsa bane. In kuma na wani zaka zauna wa, ka sani albashin ƙarami ne amma alhakin babba, alat na bogi kai zaka biya, jabun kuɗi kai zaka biya, netwok ya riƙe kuɗin kwastoma kai zai tsaya a kanka yana zagi, ka kuskure sifili ɗaya wajen transfa albashin wata biyu ya tafi. Ranar da na yi irin wannan kuskuren ko abinci ban iya ci ba. Kuma a tsakiyar gari ba a barin mutum ya kafa lema yadda ya ga dama, hukumar muhalli na kwashewa. Abin da POS yake dashi mai kyau guda ɗaya ne, sana'ar unguwa ce, in kana kwana Kubwa ko Mararaba a nan zaka yi ta, da ƙafa zaka je da ƙafa zaka dawo, babu ruwanka da gosulo. Ga wanda yake zaune gidan ɗan uwa a can kuma kansa na ja a lissafi, ba laifi ya fara da ita. Amma ba wanda zai damƙa wa baƙon da bai sani ba kuɗi masu yawa, sai da wanda ya tsaya maka.

Sai babur. Ƙanina nasan kana da hannu a babur shi yasa zan ja maka kunne a nan. Acaɓa haramun ce a cikin birnin Abuja tun 2006 zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake minista, a unguwannin gefe ake yi, kuma wanda aka kama a inda aka hana ba tara kawai bace, sau da yawa murƙushe baburan ake a gaban ƴan jarida. Ka ci bashin babur a gida ka kawo shi a niƙe maka, ina zaka sa kanka. Wanda aka yarda dashi shi ne na kai saƙo, masu akwati a baya, irin na Chowdeck da Glovo da ƙananan kamfanoni da gidajen abinci. Cikin duka ayyukan nan shi ne wanda mai zafin nema zai iya fin kowa samu, tunda a wurare da yawa iya saƙon da ka kai iya kuɗinka. Amma yana son lasisin tuƙi da takardun babur cikakku dan jami'an duba ababen hawa wato VIO na Abuja basa wasa, yana son waya mai kyau da iya bin taswira da iya magana da kwastoma, ga titunan garin manya ne motoci na gudu kamar zasu tashi sama, damina ta zo ruwa ya ƙare a kanka, in ka faɗi ranar babu kuɗi gobe ma babu. Wanda bai san bambancin Wuse Zone 4 da Wuse 2 ba, bai san Area 1 daga Area 11 ba, ya bari sai ya yi wata shida yana kallon gari tukuna. Aiki na biyu ne, ba na farko ba.

Wankin mota ban ɗauke shi aikin zama ba amma yana ceton rai, ba takarda ba garanto mai tsanani, kullum a sallame ka, wasu wuraren ma a nan yara ke kwana. In ka sauka komai ya tsaya maka, ka fara da shi kana neman wani.

Na ambaci garanto, toh shi ne katangar da tafi tsayar da namu. Kusan duk inda ka je za a ce kawo wanda zai tsaya maka, mai aiki ko mai shago da adireshi a Abuja, ya cike fom ya manna hotonsa. Ka nemi wannan mutumin tun kana gida kafin ka hau mota. Ka zo da NIN, da asusun banki mai BVN da sunanka ba na yayanka ba, da ƙananan hotuna, da kwafin sakamakon sakandare. Su kuma ejan masu manna takarda a jikin gada wai ana neman ma'aikata da gaggawa albashi kaza, duk wanda ya ce ka biya kuɗin fom ko na yunifom kafin ka ga wurin aikin da idonka ka juya ka tafi, na gaskiyar yawanci sai ka fara aiki suke yankar nasu a albashin farko, shi ma ku yi magana a kai tun kafin. Kuma albashin farkon nan sai ka yi wata cur, wani wurin har da ƴan kwanaki a sama, dan haka kuɗin da zaka ci na kwana arba'in ka zo dashi a ɗaure.

Ƴan uwa mata da ke karantawa, lissafin ɗaya ne amma maganar aikin da ake kwana a gidan mutane ta fi nauyi a kanku, kar ki yarda da gidan da wani naki bai je ya gani ba, kuma albashi ya riƙa shiga asusunki ba hannun wadda ta kawo ki ba.

Toh abin da na ce wa ƙanina shi ne, tunda bashi da ɗaki kuma ni yanzu bana garin, ya fara da gadin gida ko otal mai ɗakin ma'aikata, duk wanda ya fara samuwa, ko da an ce masa ga wani can mai albashi ya fi da 20,000. In gadin ne ya samu, ya sa wa kansa wa'adin shekara ɗaya, ya tara, ya koyi gari, ya gyara buroka, sannan ya tsallaka kicin ko ya yi lasisi ya hau babur. In otal ɗin ne ya samu ya zauna daram ya liƙe wa mai gashin kaza. POS na ce ya manta da ita tukuna. Ya ce min Yaya gadi fa, abokaina zasu min dariya, nace su abokan naka wa ya tura wa babarsa kuɗi watan jiya, sai ya turo min ƴar fuskar dariya. Na haɗa shi da wani tsohon abokin aikina da zai tsaya masa garanto, abokin ya ce ƙanin nawa ya taho ranar Lahadi ya sauka a Zuba kafin la'asar, kuma ya taho da bargo dan ɗakin get akwai sanyi da hunturu.